Mai-agogo, Shukar Gwaggona

Ɗana na fari ya shafe mini tsakar gida da tayil, kuma har yau jira yake in sa masa albarka. Sati uku na yi a Kano ana yi mini aikin ido. Da na dawo, abin da idon da aka gyara ya fara gani ke nan: tsakar gida fes kamar falon banki, babu ƙasa ko cikin cokali, babu rumfata, babu shukar da ke kanta. Na tsaya da jakata a hannu na ce, "Ina Mai-agogo?" Ya ce, "Hajiya, ganyen nan ne ke tara miki sauro. Kuma kin ga ana yin baƙi." Baƙi! Wane baƙo ne ya taɓa shigowa gidan nan ya fita bai tambayi sunan furen nan ba? Don ya rarrashe ni har da kawo mini katan ɗin lemon roba, wai ga hoton ɗan itacen a jiki, wai ɗanɗanonsu ɗaya. Na kurɓa sau ɗaya na tofar. Sukari ne da turare. Ni ban iya karatu ba sai da na aurar da 'ya'ya uku, a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe alƙalami, har yanzu hannuna ba ya sauri. Amma wannan maganar sai na rubuta ta ko za ta ci mini wata guda, domin karo na biyu ke nan da namiji ya sare shukar nan bai ɗaga kai ya dube ta ba.

Na farkon a gidan mahaifina ne, a wani ƙauye a ƙasar Karaye, shekarun da maza ke cika zaure suna kasa kunne ga rediyo ɗaya tak don jin labarin yaƙi. Gidan ƙasa ne mai faɗin tsakar gida. Ba agogo ke tashin mu ba, lugude ne, da ƙarar guga tana dukan ruwa a rijiya, da zabi suna surutu a kan danga. A lokacin tsakar gida abu ne mai rai. Kowace mace tana da ɗan lungunta: ga lalle, ga zogale, ga rama, ga barkono a gindin randa. Ruwan da aka wanke gero ba ya zuba a banza, ƙasa za ta sha ta mayar miki da miya. Yanzu ruwa ya bi bututu ya tafi kwata, mace ta aika yaro kasuwa sayen ganyen da kakarta ke tsinka da hannu ɗaya tana tuƙa tuwo da ɗayan. A ce wannan ci gaba ne. To, Allah ya kyauta.

Gwaggona yayar mahaifina ce. Aure biyu ta yi a Rogo, shekara ashirin da ɗoriya, ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ta dawo gidan ƙanenta da tabarmarta da tandun kwallinta da mazarin kaɗi. Ba wanda ke faɗa a gabanta, amma a bayanta sunanta ɗaya ne: juya. Aka ba ta riƙona tun ina ƙarama. Sunan kakata aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Mace ce doguwa, mara yawan dariya, mai hannun shuka. Ko muciya ta soka a ƙasa sai ka ji tsoron za ta yi toho.

Baffana ne, autansu, ya dawo daga haƙar kuza a Jos da wasu 'ya'yan itace guda huɗu a aljihun riga, masu girman ƙwan agwagwa, rawaya, duk sun yamutse kamar fuskar tsohuwa. Aka fasa. Ciki baƙaƙen 'ya'ya ne cikin ruwa mai yauƙi, ga wani ƙamshi da ya cika tsakar gida. Maza suka lasa suka yatsine fuska, wai tsami. Gwaggo ta tsotsi nata, ba ta haɗiye 'ya'yan ba, ta tofa su a tafin hannu ta ce, "A kan me yake fitowa?" Baffa ya ce, "Yaɗo yake yi, Yaya, kamar duma. Amma abin ƙasar sanyi ne, ba zai yi a nan ba." Ta ce, "Ya faɗa maka?"

Ina iya kwatanta yadda ta yi kamar jiya, don haka nake yi har gobe. Ta murje 'ya'yan da toka har yauƙin ya fita, ta shanya a inuwa kwana uku, ta jiƙa a ruwan ɗumi ya kwana. Ta samo wani tsohon kasko mai tsaga, ta cakuɗa rairayi da busasshen kashin tumaki, ta binne su ba zurfi, iyakar rabin gaɓar yatsa. Sai jira. Gero kwana huɗu ya leƙo, wake kwana biyar, wannan kuwa sati ya wuce, biyu, uku, shiru. Matan gida suka fara tsokana. "Gwaggo, yaya jariran kasko? Ko a kawo musu kunu?" A sati na biyar bakwai suka fito. Kaji suka ci uku, gara ta ci ɗaya, ɗaya ya bushe don kansa. Biyun da suka rage ta dasa su a gindin dirkokin rumfar tsakar gida, ɗaya gabas ɗaya yamma, ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Da rani ya shigo rijiya ta ja baya, aka hana kowa ɓarnar ruwa. Sai Gwaggo ta mayar da wurin alwalarta gindinsu: asuba da la'asar da lisha a na gabas, azahar da magariba a na yamma, gobe ta juya. Da ruwan alwala ta raine su har damina ta zagayo. Suka miƙa 'yan hannuwansu masu naɗewa kamar zare, suka kama dirka, suka haye, suka haɗu a sama suka rufe rumfar ruf. Duk zafin rana, a ƙarƙashinta kamar bakin rafi.

Sannan fure ya zo. Ban taɓa ganin irinsa ba. Fari ne da geza kewaye mai launin shunayya, a tsakiya ga wasu 'yan hannuwa a tsaye. Baffa ya kara agogon hannunsa kusa da shi ya ce, "Ku duba, kamar an kwafa." Daga nan muka sa masa Mai-agogo. Ga shi da kiyaye lokaci: sai an yi azahar yake buɗewa, kafin magariba ya rufe, kuma ba ya ƙara buɗewa. Mata daga unguwanni suna shigowa kallo. Sai dai kowace safiya ni ke share furen da ya zube, cike da faifai. Wata guda, wata biyu, fure dubu, ɗa ko ɗaya babu.

A gidan akwai matar yayana, 'yar ƙauyen Yammedi, shekara ɗaya da rabi da kawo ta, shiru. A ƙarƙashin rumfar take tsince shinkafa, a nan take kitso. Ran nan sai ga uwarta ta zo takanas. Aka yi gaisuwa kamar ba komai: ina gajiya, ina ruwa, ruwa ya yi gyara, yaya mutanen gida, sai alheri. Ta sha fura ta goge baki, ta ɗaga kai ta dubi rumfar ta ce da innata, da ƙarfi yadda Gwaggo da ke kaɗi a ƙofar ɗakinta za ta ji, "Wannan ce shukar da ake faɗa? Mai fure ba ɗa? To, ai ba laifinta ba ne, abin da hannu ya shuka shi yake kwaikwayo. Ni dai ban haifi 'yata don ta yini a inuwar juya ba. Ko a sare, ko in tafi da abata."

Mazarin Gwaggo bai tsaya ba. Amma na ga zaren ya tsinke, abin da ban taɓa gani a hannunta ba.

Da yamma mahaifina ya shigo yana sosa ƙeya. Mutum ne mai son zaman lafiya, irin zaman lafiyar da kullum wani ke biya. Ya tsuguna ya ce, "Yaya, kin ji abin da ake ciki. Ganye ne fa kawai."

Ta ce, "Malam, kai da ka yi karatu, a wane littafi ka ga ganye yana hana haihuwa?"

"Ba na ce yana hanawa ba. Bakin mutane nake gudu."

"Ni shekara ashirin ina cikin bakin mutane, ban mutu ba. Ka ba ni zuwa yankan dawa. In ba ta haihu ba, ni da kaina zan ba ka adda. Amma in ka taɓa ta kafin nan, ka san ba ita kaɗai ka sare ba, har da zamana a gidan nan."

Ya ce, "Na yarda, Yaya. Zuwa yankan dawa." A gabana ya faɗa, da bakinsa.

Daga ranar Gwaggo ta ajiye kaɗi. Da an yi azahar sai ta shimfiɗa tabarma ta kwanta rigingine tana kallon furen, ni ina gefe ina kore mata ƙuda. Ƙudan zuma suna zuwa, amma ƙanana ne, su kwashi garin furen su tafi, ba sa ko taɓa 'yan hannuwan sama. A kwana na huɗu sai muka ji wani gurnani. Baƙin ƙwaron nan ne ƙato mai huda itace, wanda muke ce wa ƙwaron dirka. Ya faɗa cikin furen gabas, ya cika shi da jikinsa, ya fito bayansa duk ya yi rawaya da gari, ya wuce na yamma ya goga. Gwaggo ta tashi zaune. Ta ɗaura wa furen nan jan zare. Kwana uku bai faɗo ba. A na biyar, ga wani ɗan kore kamar ƙwayar gujiya a cikinsa.

Ta ce, "Uwata, ina ƙwarin nan suka tafi? Da ba su cika rumfar nan ba?"

Na ce, "Ai Baba ya yi musu hayaƙi da bazara, ya liƙe ramukansu da laka. Ya ce suna cinye masa dirka."

Sannan ta yi wata dariya mara daɗi ta ce, "Ka kori ɗan aike, ka ce amarya ba ta amsa ba. Ɗauko mini tanduna."

Ta zare tsinken kwallinta, ta wanke shi tas, ta naɗa masa 'yar auduga a baki. Ta hau turmi. Ta shafo garin furen gabas ta ɗiga a kan hannuwan na yamma, ta shafo na yamma ta kai gabas, a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Kullum haka, lokacin da gida ya yi tsit, maza suna gona, mata sun shige ɗaka. Ni ke riƙe turmin. Cikin sati biyu muka ƙirga goma sha ɗaya, koraye, a ɓoye cikin ganye, in ba ka tsaya daidai ka ɗaga kai ba ba za ka gan su ba. Na yi tsalle zan ruga in faɗa wa duniya. Ta damƙe mini hannu.

"Kul! Ina kika taɓa jin an yi shelar ciki? Ciki ba a faɗarsa, shi ke faɗar kansa. Baki yana zubar da shi. Sai sun nuna, su gani da idonsu. Rantse ba za ki faɗa ba."

Na rantse. Yau da tsufana na gane abin da ban gane ba a lokacin. Matar da ba ta taɓa samun cikin da za ta ɓoye ba, ga shi Allah ya ba ta a kan rumfa, ta ɓoye shi yadda ta ga kowace mace tana yi. Har ganye take janyowa tana rufe su. Har tafiyarta ta canza.

Ana cikin girbin gero, dawa ko ja ba ta fara ba, aka aiko daga Rogo cewa uwar tsohon mijinta ta rasu. Tsohuwar ta riƙe ta da mutunci, dole ta je gaisuwa. Ta ce kwana biyu za ta yi. Kafin ta fita ta tsaya ƙarƙashin rumfar, ta nuna mini na jan zaren da ido. Ya fara ɗaukar rawaya.

Washegari da hantsi sai ga mahaifina da yayana sun shigo da adda. Ashe an sake aiko da saƙo daga Yammedi, su kuma suka ga ga dama ta samu, mai shukar ba ta nan. Wannan ne abin da ba zan yafe ba: ba su iya yi a gabanta ba. Ina tsaye da tsintsiya, rantsuwa ta hana ni faɗa. Na ce, "Baba, ai ba a yanke dawa ba." Ya ce, "Gero da dawa duk hatsi ne. Matsa." Sara ɗaya ya yi wa na gabas. Sai a sannan bakina ya buɗe, na kurma ihu, "Akwai 'ya'ya! Wallahi akwai 'ya'ya, ku duba sama!" Yayana ya ce, "Ji munafuka, Gwaggo ta koya mata." Ya sare na yamma. Ɗaga kai kawai za su yi. Ɗaga kai! Abin da kaza ke yi in ta sha ruwa. Sai da suka janyo yaɗon ya zubo ƙasa, 'ya'yan suka gangaro tsakar gida, ɗaya ya tsaya a kan ƙafar mahaifina. Ya juya ya fita, ya bar addar a wurin. Ni ma ina da nawa laifin, na sani. Da na karya rantsuwa tun suna zaure, da na yi kaffara daga baya. Shekara hamsin da wani abu ina wannan lissafin.

Gwaggo ta dawo washegari ana kiran la'asar. Ta tsaya a bakin ƙofa, rana tana dukan inda inuwa take a da. Ba ta yi kuka ba. Na kawo mata su a zanena, ta ƙirga, goma sha ɗaya cif. Ta ware mai jan zaren ta soke a ƙugu. Da aka yi magariba aka zo fitar da tuwon zaure, inda mahaifina ke ci da maƙwabta da limamin unguwa, sai ta karɓi akushinsa ta juye tuwon a ƙwarya, ta zuba goman a ciki, ta rufe da faifai, ta ɗauka da kanta. Macen da ba ta taɓa taka zauren nan da maza a ciki ba. Na bi ta a baya. Ta yi sallama, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta dire akushin a gabansa ta buɗe.

"Malam, ga 'ya'yan juya. Bakwaini ne, ba su isa haihuwa ba, kai ka karɓi haihuwar da adda. A ci lafiya."

Liman ya sunkuyar da kai. Mahaifina ya ce, "Yaya, ai da kin faɗa..."

Ta ce, "Da ka duba."

Kwana uku ta ƙara a gidan. Ta fasa mai jan zaren, 'ya'yansa sun yi baƙi, sun ƙosa. Ta murje su da toka ta shanya, ta juye kwallinta a tsumma, ta zuba su a tandun ta ba ni. Ta ce, "Uwata, biyu za ki riƙa dasawa, ɗaya ba ya haihuwa shi kaɗai. Kuma kada ki bari a kashe miki ƙwaro." Ta koma Rogo wajen wata ƙawarta, tana kaɗi tana sayar da zare. Aka je biko sau biyu ta ce a gaida gida. Can ta rasu, ban kai ga ganinta ba.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Wata shida bayan saran, matar yayana ta haifi namiji, ƙato, cikakken wata tara. Kowace mace a ƙauyen nan ta iya ƙirga wata da yatsu. Ranar da aka ɗaga adda tana da cikin wata uku, a inuwar rumfar ta same shi, ta yi shiru saboda kunyar cikin fari, irin shirun da Gwaggo ta yi. Amma ranar suna uwarta tana rangaɗa guɗa tana cewa, "Kun gani? Ana sarewa Allah ya buɗe!" Mata suna amin. Ba wadda ta ƙirga da ƙarfi. Na buɗe baki, innata ta mintsine ni a cinya.

Da tandun nan aka kai ni ɗakin miji. Mai-agogo ba ta da tsawon rai, shekara biyar ko shida ta tsufa, sai a sake daga iri. Na sake ta ban san sau nawa ba, kowace daga cikin ta gabanta, har zuwa mai jan zare. Shi wannan da ya shafe mini gida, da ruwanta na yaye shi, a cikin kunu. A ƙarƙashinta ya yi rarrafe. Da aka sare ta ina Kano, jikata ta ce mini akwai 'ya'ya sun fi talatin a sama, leburori suka kwashe da shara.

Abin da bai sani ba, tandu yana ƙasan adakata, kuma ban taɓa barinsa ba iri. Sati biyar ke nan da na binne su a tsohuwar roba a bayan ɗaki. Shekaranjiya huɗu suka leƙo. Jiya da hantsi na sa jikata ta ɗauko mini taɓarya, na fasa tayil biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ƙasar tana nan a ƙasa, da danshinta. Da rana ɗan nawa ya shigo ya tarar da ni a durƙushe ya ce, "Subhanallahi, Hajiya! Kin san nawa..." Na ce, "Ban tambaye ka ba. Gobe ka aiko mini da dirka huɗu, na itace, ba na ƙarfe ba, ƙwaro ba ya huda ƙarfe. Yanzu kuma miƙo mini butar can, azahar ta yi. A nan zan yi alwala."